Ni Talaka Ne, Ina Ruwana da Lalacewar Muhawarar Siyasa?

Wani matashi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, kullum ana cewa mu 'yan ƙasa mu gyara yadda muke magana a kan siyasa. To ni ba ni da jarida, ba ni da gidan rediyo, ba ni da kujera a majalisa. 'Yan siyasa ne ke shirga ƙarya, kamfanonin sada zumunta ne ke cin riba da rigima. Don me za a ɗora mini nauyin abin da ba ni na lalata ba? Kuma wannan wa'azin ladabi da ake ta yi, ba dabara ba ce ta rufe bakin wanda aka zalunta?"

Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce, kuma da wannan rabin zan fara don kada ka zaci na zo wanke manya ne. Alhaki yana bin girman murya. Wanda mutum miliyan goma ke saurare, idan ya yi ƙarya, laifinsa bai yi daidai da na wanda mutum goma ke saurare ba. Kamfanonin ma ba a zalunce su ba da aka zarge su. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 manhajar tana ba alamomin motsin rai, ciki har da ta fushi, maki biyar, ita kuwa alamar babban yatsa maki ɗaya. Ma'ana, rubutun da ya tunzura mutane shi ake ƙara turawa gaban wasu. Sai daga baya kamfanin ya rage wannan lissafi. A 2016 kuma an gano matasa a garin Veles na Masedoniya suna tafiyar da shafuka sama da ɗari na labaran siyasar Amurka, yawanci na bogi, ba don sun damu da wanda zai ci zaɓe ba, sai don kuɗin talla. Akwai masu cin abinci da rigima, babu musu.

Inda muka rabu da kai shi ne inda ka ce ba ka da komai a hannu. Kafin in kai can, bari mu fahimci abin da ake ƙoƙarin karewa, domin mutane da yawa sun ɗauka dimokuraɗiyya ita ce jefa ƙuri'a kawai.

A shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), majalisar jama'ar birnin Atina ta ƙasar Girka ta zauna a kan mutanen Mitilin, waɗanda suka yi wa Atina tawaye aka murƙushe su. Cikin zafin rai aka yanke hukuncin kashe duk namiji baligi a garin, a bautar da mata da yara. Aka tura jirgin ruwa da umarnin. Da gari ya waye, zukata sun yi sanyi, aka sake kiran taro. Wani jigo mai suna Kiliyon ya tsaya a kan kada a janye, wani kuma mai suna Diyodotus ya ce hukuncin zai cuci Atina kanta, domin duk garin da ya yi tawaye nan gaba zai yi yaƙi har mutum na ƙarshe tunda ya san babu sassauci. Da ƙyar ra'ayin Diyodotus ya rinjaya. Aka tura jirgi na biyu, matuƙa suna tuƙi dare da rana, suka isa daidai lokacin da kwamandan ya karanta umarnin farko bai kai ga zartarwa ba. An kashe kusan mutum dubu da aka ce su ne jagororin tawayen, amma garin ya tsira. Abin lura, mutanen da suka yanke hukuncin jiya su ne suka warware shi yau. Ba su ƙara ilimi cikin dare ɗaya ba. Abin da suke da shi kawai shi ne fili da mutum zai miƙe ya ce "mun yi kuskure," a saurare shi, ba a jefe shi ba.

Amfanin muhawarar jama'a ke nan: hanya ce da al'umma ke gano kuskurenta kafin ya hallaka ta. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu lambar Nobel a 1998, ya lura cewa ba a taɓa samun gagarumar yunwa a ƙasar da ke da dimokuraɗiyya mai aiki da 'yancin jarida ba. A Sin, tsakanin 1959 da 1961, miliyoyin mutane da dama sun mutu da yunwa, jami'ai suna ta aika rahoton yabanya mai kyau zuwa sama saboda babu mai ƙarfin halin faɗin akasin haka. Ƙuri'a tana zaɓar shugaba, amma abin da mai ƙuri'a ya sani kafin ya dangwala yatsa daga maganar mutane yake samo shi. Idan maganar ta gurɓace, za a iya yin zaɓe mai tsafta a kan bayanan ƙarya, a sami sakamako mara amfani.

Su kansu waɗanda suka rubuta dokokin 'yancin magana sun san haka. Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Jama'a da na Siyasa ta 1966, a sashe na 19, bayan ta tabbatar wa kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta ce amfani da wannan 'yanci yana tafe da nauyi da alhaki na musamman. Yarjejeniyar Afirka kan 'Yancin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981 ta ware sassa na 27 zuwa 29 ga haƙƙoƙin da ke wuyan mutum ɗaya, ciki har da mutunta ɗan'uwansa ba tare da wariya ba. Sai dai takarda ba ta iya shiga zuciya. Mafi yawan abin da ke lalata muhawara ba laifi ba ne a gaban kotu, kuma bai kamata ya zama ba. Shi ya sa maganar ta koma kan ɗabi'a.

Yanzu ga abin da ke hannunka. Ka ce ba ka da jarida. Shekara talatin da suka wuce da maganarka ta zauna daram. Yau ƙaryar da ɗan siyasa ya ƙirƙira ba ta da ƙafar zuwa ko'ina sai an ɗauke ta, kuma masu ɗaukar mu ne. Masu bincike uku a jami'ar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka wallafa sakamakon a 2018. Labarin ƙarya ya fi na gaskiya yiwuwar a sake tura shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma labarin gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Da suka ware asusun na'ura masu tura saƙo da kansu, sakamakon bai canza ba. Mutane ne da yatsunsu. Dalilin kuwa a fili yake: ƙarya sabuwa ce kullum, tana ba da mamaki, an ɗinka ta daidai da abin da zuciya ke so, ita kuwa gaskiya yadda ta zo haka take, ko da daɗi ko babu. Mun saba cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wataƙila haka ne idan an jira, amma kafin furen ya kaɗe an riga an binne wasu.

A watan Yulin 2018, a wani ƙauye na gundumar Dhule a jihar Maharashtra ta Indiya, jama'a sun kashe mutum biyar baƙi bisa zargin satar yara. Jita-jitar ta WhatsApp ta zo, kuma ɗaya daga cikin bidiyoyin da suka yi ta yawo a ƙasar a lokacin an yanko shi ne daga wani tallan wayar da kai da aka shirya a Pakistan, aka cire ƙarshensa inda ake nuna wasa ne. Kashe-kashe irin wannan ne suka sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a Indiya, sannan ya faɗaɗa dokar ga duniya a farkon 2019. A ranar 29 ga Yulin 2024 kuma an kashe yara mata uku a Southport ta Ingila. Cikin sa'o'i aka yaɗa sunan bogi, aka ce maharin Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta jirgin ruwa. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa garuruwa da dama. Maharin kuwa a Cardiff aka haife shi. Yawancin waɗanda suka tura waɗannan saƙonni ba makasa ba ne. Iyaye ne da tsoro ya kama, suna ganin gargaɗi suke yi. Wasu har suna rubuta "in dai gaskiya ne" a sama, kamar wannan zai sauke musu nauyi.

"Haka aka turo mini" ba hujja ba ce. Duk abin da ka tura, ka sa masa hannu, domin wanda ya karɓa daga gare ka da amincin da yake ba ka ya karɓa. Addinai ma ba su bar wannan a buɗe ba: aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bin diddigin labari don kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, kuma hani ga shaidar zur yana cikin dokoki goma da Yahudawa da Kirista ke riƙo da su.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne nake so ka daɗe kana tunani. Babu wanda ke buƙatar a koya masa bincika labarin da ya ɓata gwaninsa. Da kansa zai nemo kwanan wata, ya gano hoton tsoho ne, ya tono wanda ya fara wallafawa. Basirar tana nan, ba ta tashi ne sai an taɓa namu. Labarin da ya tozarta wanda muka tsana kuwa, ko kanunsa ba ma gama karantawa. Saboda haka ma'aunin gaskiyar ɗan ƙasa shi ne yadda yake yi da labarin da ya yi masa daɗi. Idan ka ji wani sanyi a ranka, ka ji "ai dama na faɗa," to lokacin tsayawa ke nan. Wa ya fara faɗa? Yaushe? Akwai wata kafa da ba ta ɗasawa da ta farko da ita ma ta kawo shi? Idan da an faɗi irinsa a kan nawa, da wannan shaidar za ta ishe ni? Minti biyu ne. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2021 ya nuna cewa tambayar mutane kawai su auna sahihancin kanun labari guda, wanda ma bai shafi siyasa ba, ta ɗan kyautata ingancin abin da suka tura bayan nan. Tasirin ba shi da girma, amma ya nuna cewa da yawa ba mugunta ke sa su tura ƙarya ba, hankalinsu ne ke wani wuri.

Akwai wani adadi da ke ba ni mamaki har yanzu. A binciken da aka yi kan zaɓen Amurka na 2016, an gano cewa kashi 0.1 cikin ɗari na masu amfani da Twitter da aka bibiya su ne suka tura kusan kashi 80 na labaran bogi. Mutum ɗaya cikin dubu. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ma ta gano a 2019 cewa kashi 10 na manyan Amurkawa masu asusu a dandalin su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin. Wato hayaniyar da kake gani ka ɗauka ita ce ƙasa, ta 'yan tsiraru ce. Sauran suna kallo, sun yi gum. Wannan shirun shi ne laifi na biyu, kuma ya fi na farko yawa a cikinmu, mu masu ganin kanmu mutanen kirki.

Ba ina nufin ka tsoma baki a kowace rigima ba. Shirun da nake nufi shi ne wanda kake yi idan naka ne ya yi ɓarna. A farkon shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya zaunar da mutane ya nuna musu layuka, ya ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a bayyane take, amma sauran mutanen ɗakin an haɗa baki da su su faɗi kuskure. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi kuskuren jama'a, mutum yana ganin gaskiya da idonsa. Da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi daidai, sai bin kuskuren ya faɗi ƙasa warwas. Aikin mutum ɗaya ke nan a cikin taro. Ba lallai ya canza ra'ayin wanda ya yi ƙaryar ba, amma yana ba masu shakka goma da ke gefe damar buɗe baki.

Gyara daga cikin gida ya fi shiga, kuma ya fi tsada. Idan ɗan adawa ya ce labarin ƙarya ne, za a ce ai dole ya faɗi haka. Idan kai da aka sani a tafiyar ka faɗa, dole a tsaya. Za a kira ka munafuki, za a ce an saye ka. A watan Oktoban 2008, a wani taron yaƙin neman zaɓe a Minnesota, wata mata ta ce wa John McCain, ɗan takarar shugabancin Amurka, ba ta yarda da abokin takararsa Barack Obama ba domin Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali, ɗan ƙasa ne da suka saba ra'ayi kawai. A taron nan magoya bayansa sun yi masa ihu da ya ce ba sai sun ji tsoron Obama ba. Amsar tana da tawaya, domin ta bar wa mai sauraro zaton cewa Balarabe da mutumin kirki abubuwa biyu ne, kuma an soke shi a kan haka da gaskiya. Duk da haka, mutum ne yana neman ƙuri'a ya ƙi karɓar ƙaryar da za ta amfane shi, a gaban masu ba shi ƙuri'ar. Abin da ake nema gare ka bai kai wannan ba. Ka ce wa abokinka, a keɓe in zai yiwu don kada kunya ta sa ya kafe, "wannan hoton ba na bana ba ne, cire shi." Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. E, an sha amfani da kiran ladabi don rufe bakin wanda aka zalunta. Daga 1836 zuwa 1844 Majalisar Wakilan Amurka ta kafa ƙa'idar cewa duk wata takardar koke a kan bautar da bayi a ajiye ta ba tare da tattaunawa ba, wai don zaman lafiya. Tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya yi shekaru yana yaƙar ƙa'idar kafin a soke ta. Shirun bai hana komai ba: a 1861 yaƙin basasa ya ɓarke, ya ci rai sama da 600,000. A 1963 kuma, malaman addini takwas farar fata a Birmingham ta jihar Alabama sun fitar da sanarwa cewa zanga-zangar baƙaƙen fata ba ta dace ba kuma ba lokacinta ba ne. Martin Luther King ya ba su amsa daga kurkuku cewa mai sassaucin ra'ayin da ya fifita kwanciyar hankali a kan adalci ya kusa fin mai ƙiyayya a fili zame musu cikas. Don haka idan wani ya ce maka ka sassauta murya alhali ba ya shirin sauraron ƙorafinka ko da ka yi raɗa, ka gane ba ladabi ne damuwarsa ba.

Ni ban ɗauki taushin harshe a matsayin ma'aunin lafiyar muhawara ba. Ana iya shirga ƙarya cikin murmushi da lafazi mai daɗi, ana kuma iya faɗin gaskiya da kakkausar murya. Ka kira ɓarawon dukiyar jama'a ɓarawo idan kana da hujja. Ka yi fushi, ka yi zanga-zanga, ka yi zambo. Iyakar da nake gani guda biyu ce. Kada ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, ko da a kan azzalumi ne, domin ranar da aka kama ka da ƙarya ɗaya ka ba shi garkuwar kare gaskiya tara. Kuma kada ka fitar da abokin hamayya daga sahun mutane.

Wannan ta biyun tana da tarihi mai muni. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya fara watsa shirye-shirye a 1993 da kiɗa da barkwanci irin na matasa, yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Daga Afrilu zuwa Yulin 1994 aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari. A 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta ɗaure biyu daga jagororin gidan rediyon tare da editan jaridar Kangura. Amma rediyo bai ɗauki adda ba. Maƙwabta ne suka ɗauka, bayan sun shafe watanni suna maimaita kalmar a hira har ta daina yi musu nauyi a baki. Ba kowace baƙar magana ce ke kai wa ga kisan ƙare dangi ba, kuma masu kwatanta kowane saɓani da Ruwanda suna rage wa abin girma ne. Sai dai akwai bambanci na asali tsakanin "manufarku za ta talauta ƙasa" da "ku cuta ne a jikin ƙasa." Ta farko tana neman amsa. Ta biyu magani take nema, kuma kowa ya san yadda ake yi da cuta. Duk lokacin da laifin mutum ɗaya ya zama na ƙabilarsa ko addininsa ko yankinsa a bakinka, ka tsallaka.

Sau da yawa ma wanda muke faɗa da shi a zuci babu shi a duniya. Wasu masana biyu, Douglas Ahler da Gaurav Sood, sun tambayi Amurkawa kashi nawa na 'yan jam'iyyar Republican ke samun sama da dala 250,000 a shekara. Matsakaicin amsar ya kai kashi 38. Gaskiyar kuwa kusan kashi 2 ce. Kowane ɓangare yana ɗaukar mafi tsananin mutanen ɗaya ɓangaren ya ce su ne duka. Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne: ka bayyana ra'ayin abokin hamayyarka yadda shi da kansa zai ce "e, haka nake nufi." In ba ka iya ba, ba ka fara muhawara da shi ba tukuna.

Kada ka ɗauka maganin shi ne kawai ka cika wayarka da shafukan 'yan ɗaya ɓangaren. An gwada. A 2018 Christopher Bail da abokan aikinsa sun biya masu amfani da Twitter su bi wani asusu da ke turo musu saƙonnin ɓangaren da suke adawa da shi har tsawon wata guda. 'Yan Republican sun ƙara tsauri a ra'ayinsu, 'yan Democrat kuma ba su sassauta ba. A watan Satumban 2019 kuwa, masana daga jami'ar Stanford sun tara masu zaɓe sama da 500 daga faɗin Amurka a kusa da Dallas na kwana huɗu, aka ba su bayanan da ɓangarorin biyu suka amince da su, suka zauna ƙungiya-ƙungiya ido da ido. Goyon bayan 'yan Republican ga tilasta wa baƙin haure komawa ƙasashensu ya ragu da kusan rabi, 'yan Democrat ma suka ja baya daga wasu manufofinsu masu tsada. Jin ihun abokin hamayya daga nesa daban, zama da shi daban. Hira ɗaya ta gaskiya da wanda ka sani kuka saba ra'ayi ta fi musu ɗari da baƙon da ba za ka taɓa gani ba, wanda wataƙila ma biyansa ake ya ɓata maka rai.

Akwai kuma haƙurin faɗuwa, wanda ake ɗauka na 'yan takara ne kaɗai. A Ghana, bayan zaɓen shugaban ƙasa na Disamban 2012, Nana Akufo-Addo da ya sha kaye ya kai ƙara Kotun Ƙoli, aka yi watanni ana shari'a ana nunawa kai tsaye a talabijin. A ranar 29 ga Agustan 2013 kotu ta tabbatar da nasarar John Mahama. Akufo-Addo ya ce bai gamsu da hukuncin ba amma ya karɓa. Ya ci zaɓe a 2016, Mahama ya miƙa mulki, sannan shi ma ya dawo a 2024. Zargin maguɗi ba haramun ba ne, wani lokaci ma gaskiya ne: Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017, kotun Malawi ta yi haka a 2020. Abin da ke wuyan magoyin baya shi ne ya tambayi hujja, kuma ya yarda cewa gwaninsa zai iya faɗuwa tsakani da Allah. A Amurka Donald Trump da magoya bayansa sun yi asarar ƙararraki sama da 60 a kan zaɓen 2020, wasu a gaban alƙalan da Trump ya naɗa da kansa, amma hakan bai hana dubban mutane afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021 ba. Ɗan siyasa yana auna abin da mabiyansa za su haɗiya ne kafin ya faɗa. Inda ya san za su tambaye shi shaida, yakan taka a hankali.

Wataƙila ka ce, to me zai hana gwamnati ta yi doka ta huta da mu? Tunzura jama'a ga tashin hankali dama laifi ne, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar 1966 ya wajabta hana shi. Amma dokar "labaran ƙarya" gaba ɗaya takan ba mai mulki ikon yanke abin da yake gaskiya, shi kuwa yana da nasa buƙatun. Malesiya ta kafa irin wannan doka a Afrilun 2018, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, lokacin da badaƙalar 1MDB, asusun zuba jari na gwamnati, ta dabaibaye masu mulki, aka soke ta a 2019. Rasha ta kafa tata a Maris 2022, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira ƙarya a kan sojoji, aka ɗaure mutane saboda sun yi magana a kan fararen hular da aka kashe a Yukiren. Duk dokar da kake murna an yi don toshe bakin abokin hamayyarka, ka auna ta da ranar da shi zai hau kujera, domin ba a soke ta ranar rantsuwa. Shi ya sa kare 'yancin maganar wanda ba ka ƙauna yana cikin aikinka: idan aka kama ɗan jaridar da ke sukar gwaninka, ko aka rufe intanet a yankin da ba su zaɓe ku ba, muryarka a lokacin ta fi ta 'yan ɓangarensa tasiri, saboda kai ba za a ce son kai ne ya sa ka magana ba.